Tambayar da ake komawa gida da ita: yadda mai sankarar mahaifa za ta yi wa likita maganar kwanciyar aure

Wata safiya a Garwa, a arewacin Kamaru, wata mata mai kimanin shekara arba'in ta zo ganin likita, wata uku bayan ta dawo daga gashin sankara, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a kudancin ƙasar. Ba ta jin Faransanci, likitan kuma ba ya jin Hausa ko Fulatanci, don haka ɗanta, ɗan makarantar lise, wato sakandare, shi ya shigo ya yi tafinta. Likita ya duba takardu, ya tambayi abinci da barci da fitsari da bayan gida. Daga ƙarshe ya ce ko akwai wata damuwa. Yaron ya juya ya ce, "Inna, wai akwai wani abu kuma?" Ta gyara mayafinta ta ce, "Babu, alhamdu lillahi."

Sai da suka fito, ta aiki yaron sayen ruwa, sannan ta riƙo hannuna a baranda. "'Yar nan, ke mace ce. Tun da na dawo, in maigida ya zo mini sai in ji kamar ana tsaga ni da reza. Har jini nake gani. Ciwon ne ya dawo?"

Ni ungozomar asibiti ce, kuma irin wannan riƙon hannu a baranda ba zan iya ƙirga sau nawa na gan shi ba. Abin da ke damun matan nan galibi yana da suna a likitance, yana da dalili, kuma akwai abin da za a yi a kansa. Matsalar ita ce maganar ba ta isa kunnen wanda zai iya taimakawa. Likita yana jiran a tambaye shi, mara lafiya tana jiran likita ya fara, ga layi a waje, sai a rabu kowa da nasa a ciki. Jagorar nan ta mace ce mai fama da sankarar bakin mahaifa, ko ta mahaifa, ko ta ma'ajiyar ƙwai, ko ta bakin farji, da kuma 'yar'uwa ko ƙawar da ke raka ta asibiti.

Mataki na farko: ki sasanta da kunyarki

Kunya ado ce, ba mai musu. Amma an rawaito Nana A'isha tana yaba matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addininsu ba, Ummu Sulaim kuma da za ta yi wa Annabi (SAW) tambayar da ta shafi wankan mace, sai ta fara da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya. In an yi wannan tambaya a can, to a gaban likita ma ba fitsara ba ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wasu matan kuma ba kunya ce ke rufe musu baki ba, ganin rashin dacewa ne. "Allah ya bar ni da raina, sai in zo ina maganar shimfiɗa?" To ai shimfiɗar nan tana cikin lafiyarki. Da yawa aurensu a nan yake girgiza, ba a wajen kuɗin magani ba.

Mataki na biyu: wa zai shiga ɗakin da ke?

A nan zan daɗe, domin a arewacin Kamaru wannan ne ke yanke hukunci tun kafin a buɗe baki. Yawancin ganin likita da Faransanci ake yi. Matar da ta taso da Hausa da Fulatanci sai ta nemi mai fassara, kuma wanda ya yi boko a gida sau da yawa ɗa ne, ko ƙanin miji, ko suruki. Wace uwa ce za ta ce wa ɗanta ya gaya wa likita gabanta ya bushe? In ɗan fari ne ma, ko sunansa ba ta faɗa.

Saboda haka tun a gida ki raba aikin. Ɗa ko miji ya riƙe biyan kuɗi, karɓo sakamako da sayen magani a farmasi. Shiga ɗakin likita kuwa, ki nemi mace baliga da kika amince da bakinta, wadda ba za ta kai labarinki gidan suna ba. In ba ki da ita, da kin isa ki tambayi masu fararen kaya ko akwai ungozoma ko ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa ko Fulatanci. A asibitocin Garwa da Marwa da Ngawundare da wuya a rasa. Kalmar da za ki riƙe ita ce "sage-femme", wato ungozoma, ana furta ta kamar "saj-fam".

In kuma an riga an shiga da namiji, ba laifi ba ne ki ce, "Ɗan ba ni wuri, akwai maganar mata." Ba wanda zai ji haushi. Yawanci ma daɗi suke ji an sallame su.

Ga masu yin tafinta kuma, ina da abin da zan faɗa a kan kaina. A farkon aikina wata baiwar Allah ta ce mini a gaban likita, "Ina jin zafi in mun kwanta da maigida." Likitan dattijo ne, ni kuma yarinya, sai kunya ta kama ni na fassara masa da cewa tana ciwon mara. Ya rubuta mata maganin ciwo, ta tafi. Sai bayan watanni da ta dawo aka duba aka ga gabanta ya riga ya tsuke sosai, abin da da an fara kula da shi tun ranar da ta faɗa da bai kai haka ba. Ita ta yi nata ƙoƙarin, ni na ɓata. In kin karɓi aikin tafinta, ki faɗi abin da aka ce yadda aka ce shi, kada ki yi masa kwalliya.

Mataki na uku: ki shirya jimla ɗaya tun daga gida

Ba sai kin yi dogon bayani ba. Jimlar buɗe ƙofa kawai kike buƙata, kamar "Likita, ina da tambaya a kan kwanciyar aure," ko "Tun da aka yi mini aiki, saduwa ta canza mini." Ki maimaita ta a zuci a kan hanya. A Faransancin asibiti saduwa ita ce "les rapports". Ko wannan kaɗai kika furta, likita ya gane inda kika dosa. Mai iya rubutu ta rubuta a takarda, da boko ko da ajami a karanta wa ungozoma, ko ta sa a rubuta mata da Faransanci ta miƙa ba tare da ta ce uffan ba.

Kuma ki faɗe ta da wuri. Da an gama gaisuwa ki ce kina da tambayoyi biyu ko uku, ɗaya ta shafi aure. Wadda ta bari sai likita ya rufe karne, wato ɗan littafinta na asibiti, ya miƙe, a baranda za ta ƙare.

Sannan ki taimaka masa da bayani. "Ba na jin daɗi" ba ta isa ba. Zafin a bakin gaba yake ko can ciki? Da an fara ne, ko sai bayan an gama? Bushewa ce, ko ji kike kamar wurin ya gajarce ko ya toshe? Akwai jini, ɗigo ne ko zuba? Akwai ruwa mai wari? Ko kuwa jikin lafiya lau, sha'awar ce ta ɗauke? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hanyarsa daban. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mataki na huɗu: ki san abin da maganinki yake yi wa jiki, don ki san abin tambaya

In tiyata ce. Bayan cire mahaifa ana ɗinke saman farji daga ciki, kuma yawanci ana cewa a dakata da saduwa kamar mako 6, wani lokaci fiye, har sai an duba an ga ɗinkin ya warke. Ki tambaya: "Yaushe zan koma shimfiɗar mijina?" Kada ki ƙirga da kanki. A aikin sankarar bakin mahaifa akan haɗa da ɗan saman farji a cire, don haka wurin kan ɗan gajarce. Babbar tambaya kuma da mata da yawa ba su san amsarta ba ita ce: "An cire mini ma'ajiyar ƙwai, ko an bar ta?" In an cire duka biyu ga macen da ba ta daina al'ada ba, jiki yana faɗawa halin daina haila a dare ɗaya. Zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi da dare, bushewar gaba, raguwar sha'awa, saurin fushi. A zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, mace sai ta ɗauka yanayi ne kawai, wata kuma a ce mata iska ce. Sinadarin mace ne, wato estrojin, ya yanke, kuma ga wasu ana iya mayar musu da shi ta magani.

In kemo ne, wato maganin sankara da ake ƙarawa ta jijiya. Maganin yana iya fita a ruwan jiki na 'yan kwanaki, shi ya sa ake ba da shawarar kwaroron roba kwana 2 zuwa 3 bayan kowane ƙari, wasu likitocin su ce mako guda. Sojojin jini kan yi ƙasa sosai wajen kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin, lokacin da ƙwayar cuta ke saurin kama mutum. Ki tambaya ko sakamakon jininki ya ba da damar saduwa. In mahaifarki tana nan, ki nemi hanyar hana ɗaukar ciki ko da al'ada ta ɗauke, domin maganin yana cutar da ɗan tayi.

In gashi ne. Nan ne aka fi yin shiru, nan ne kuma shirun ya fi tsada. Gashin sankarar bakin mahaifa yakan ɗauki kamar mako 5, kwana 5 a mako, sau da yawa haɗe da maganin cisplatin mako-mako, wani lokaci a ƙara da gashin ciki da ake sa na'ura a farji. Hasken yana kashe sankara, amma yana taɓa fatar farji. Tana yin siriri, ta bushe, ta riƙa fashewa da ɗan gogayya, kuma yayin warkewa tabo kan sa bangon ya tsuke ko ya manne. Ma'ajiyar ƙwai ma takan daina aiki.

Abin da ake yi don hana tsukewar shi ne amfani da wata roba mai santsi, mai girma hawa-hawa, da Faransanci "dilatateur". Ana farawa bayan raɗaɗin gashin ya lafa, galibi tsakanin mako 2 zuwa 8 da gamawa. A shafa mata man santsi, a sa a hankali, a bar ta minti 5 zuwa 10, kamar sau 3 a mako, a wanke da sabulu a adana. Saduwa a hankali a kai a kai ita ma tana taimakawa. Ba a samun robar a kowane farmasi a arewa, shi ya sa za ki tambaya tun kina inda aka yi miki gashin: ina zan samu, in babu me zan yi amfani da shi, kuma wa zai nuna mini?

Na sha jin bazawara ko wadda mijinta ya rasu ta ce wannan bai shafe ta ba. Ya shafe ta. Ta wannan hanyar likita ke dubawa ya ga ko ciwon ya dawo. In ta toshe, duba ya zama azaba ko ya gagara.

Ga mai ƙuruciya da ke son haihuwa, tambayarta kafin a fara magani take. In ciwon yana matakin farko sosai, akwai aikin da ake cire bakin mahaifa a bar mahaifar, akwai kuma ɗaga ma'ajiyar ƙwai daga inda hasken zai bi. Ba kowa ya dace da su ba, ba ko'ina ake yi ba, amma bayan an gama magani babu sauran zaɓi.

Mataki na biyar: kada ki baro kudu da tambaya a baki

Masu buƙatar gashi daga nan kudu ake tura su, kamar Duwala. Wadda ta yi tafiyar ta sani: mota daga Garwa zuwa Ngawundare, sannan jirgin ƙasa na dare, sama da kilomita 600 zuwa Yawunde, ga kuɗin masauki da na abinci. Ba tafiyar da za a sake don tambaya ɗaya ba ce. A makon ƙarshe, ki nemi likitan gashi ya rubuta miki a karne: irin sankarar, abin da aka cire, yawan gashin da aka yi, ranar da za ki iya komawa saduwa, da ko an yarda ki yi amfani da maganin estrojin. Da wannan rubutun, likita ko ungozoma a nan gida za su iya ci gaba da kula da ke ba tare da lalube ba.

Mataki na shida: ki faɗi abin da kike sawa

Duk mun san kayan mata. Da mace ta ce ni'imarta ta ɗauke, kafin la'asar an kawo mata ƙulli uku: na sha, na tsarki, na matsi. Abin sha irin su dabino da aya da madara ba ni da faɗa da su. Faɗana da abin da ake cusawa ne. Maganin matsi aikinsa ya busar ya tsuke, ke kuma matsalarki bushewa da tsukewa ce. Alif, kanwa, garin itatuwa, turare, a fatar da gashi ya riga ya sirantar, ƙuna ne da ciwo. Ko zama cikin ruwan bagaruwa mai zafi, ki tambaya tukuna.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne yankan gishiri. In wurin ya tsuke, wata tsohuwa za ta ce gishiri ne, a kira wanzami. Naman da aka gasa ba ya warkewa kamar sauran nama, kuma mafitsara da dubura suna manne da bangon. Ƙaramin yanka na iya zama yoyon fitsari mai wuyar gyara. Kada ki yarda, ko wa ya kawo shawarar.

In kin riga kin yi amfani da wani abu, ki faɗa, ki ma zo da shi a leda. Wani ma'aikacin zai yi faɗa, na sani, muna da wannan hali. Ki daure, bayanin ya fi faɗan muhimmanci.

Abin da za ki tambaya a madadinsu: man santsi na farmasi mai ruwa-ruwa don lokacin saduwa, da man da ake sawa sau biyu ko uku a mako don laushin wurin ko ba saduwa. Basilin da man gyaɗa da man kaɗanya suna lalata kwaroron roba. Akwai kuma kirim na estrojin da ke gyara fatar farji sosai. Ga yawancin masu sankarar bakin mahaifa ana yarda da shi, amma a wasu nau'o'in sankarar mahaifa da ta ma'ajiyar ƙwai, ko ga mai tarihin sankarar mama, sai likita ya auna. Kada ki saya don ƙawarki ta ji daɗinsa.

Mataki na bakwai: maigida

Ba kowane miji ake kawowa ba, ke kika san naki. Amma in mai saurare ne, zama ɗaya da likita yana kashe wutar da ke ci a gida. Maza ma suna da tambayoyin da ba sa yi. Sankara ba ta yaɗuwa ta saduwa. Matar da aka yi wa gashi ba ta ɗauke da hasken a jikinta, ba za ta ƙona kowa ba. Saduwa ba ta dawo da ciwon.

Sai maganar zargi. Kusan duk sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, nau'i na 16 da na 18 su ne ke da kusan kashi 70 cikin 100. Ta saduwa ake ɗaukarta, kuma da miji ya ji haka wani sai ya fara kallon matarsa. Likita ya bayyana masa cewa yawancin masu aure, maza da mata, sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ba a gane wa ya kawo ta, ko yaushe. Abin da ya fi zargi amfani shi ne abokiyar zama ta je a duba bakin mahaifarta, tun daga shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da HIV, wadda haɗarinta ya ninka sau 6. 'Yan mata kuma a yi musu rigakafin HPV, wanda Kamaru ta sa cikin alluran yara tun 2020.

A gidan da ake rabon kwana, tsoron mace a fili yake: ranar girkinta ta zo, ita kuma tana jin tsoron dare. Wasu sukan cije su daure don kada a ce sun zama hoto. Daurewar nan tana koya wa jiki ƙanƙamewa, gobe zafin ya ƙaru. Gara a gaya wa miji da bakin likita cewa za a koma ne a hankali: a daɗe ana wasa, a sa man santsi da yawa, ita ta riƙe ragamar zurfi da sauri, in ta ce a tsaya a tsaya. Kwananta kwananta ne ko an sadu ko ba a sadu ba.

In likita ya share maganar

Yana faruwa. Wani zai ce, "Madam, ki gode wa Allah kina raye." Ki ce, "Na gode masa, likita. Wa zan gani a kan wannan?" Likitan mata ko ungozoma sau da yawa sun fi likitan tiyata sakin jiki da batun. In kuma abin da ke damunki baƙin ciki ne, kuka ba dalili, ƙin kallon jikinki bayan zubewar gashin kai ko tabon aiki, shi ma ki faɗa, akwai masu kula da wannan.

Ga abokan aikina, wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Jack Annon, ya tsara matakai huɗu na irin wannan hira a 1976, kuma na farkonsu ba da izini ne kawai. Jimla ɗaya ce: "Mata da yawa da aka yi musu wannan magani suna samun matsala wajen kwanciya, ke fa?" Ba ta cin minti ɗaya.

Abubuwan da ba a jira ranar komawa asibiti

Ɗan ɗigon jini bayan saduwa abu ne da ake yawan gani bayan gashi, amma ba ke za ki yanke cewa shi ne ba, domin dawowar ciwon ma haka take farawa, a duba. Jini mai zuba ko mai gudaji, ruwa mai wari, zazzaɓi musamman lokacin kemo, fitsari ko bayan gida na fitowa ta gaba, sabon ciwon ƙugu ko baya da ba ya lafawa, kumburin ƙafa ɗaya: waɗannan a tafi asibiti a ranar. Wadda aka cire wa mahaifa kuma, jinin da ta gani ba haila ba ce. Ta gaya wa likita, hukuncin sallarta kuma ta tambayi malama.

Matar baranda kuwa, ban bar ta ta tafi ba. Da ɗanta ya dawo da ruwan na ce masa, "Zauna nan, Inna ta manta wani abu a ciki." Muka koma, na fassara kalma da kalma. Likita ya duba ya ce ba alamar ciwon, fata ce ta yi siriri kuma wurin ya fara tsukewa. Ya rubuta man santsi da kirim, ni kuma na ja labule na nuna mata yadda ake sa robar. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, ta rage murya ta ce, "To in ya zo wata mai zuwa, ke za ki gaya wa Alhaji, ko likita?"